Yusufu Na Rijiya, Yusufu Na Fada

Yau dai ba ci gaban labari na zo muku da shi ba, don haka masu jiran su ji yadda za ta kaya tsakanin amarya da uwargida sai su yi mini haƙuri. Wata magana ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in amayar da ita ko na samu sakewa.

Duk wanda ya saba karanta littattafanmu ya san yadda muke ƙare labari. Marainiya ce za a ɗauko, matar uba ta gasa mata aya a hannu, ta yi tallan goro, ta kwana a ɗakin girki, a yi mata ƙazafi a kore ta. Can a littafi na uku sai ga wani hamshaƙi ya hango ta a bakin titi, kafin ka ce kwabo ta zama matar minista ko matar gwamna. Shafukan ƙarshe kuwa, waɗanda mai karatu ya biya kuɗinsa dominsu, su ne inda matar uban nan za ta zo tana rarrafe da tsumma a jikinta, a bar ta a bakin ƙofa tana shan rana. Ni kaina na rubuta irin wannan ƙarshen ya fi a ƙirga, kuma ba zan ɓoye muku ba, daɗi nake ji in ina rubuta shi, har murmushi nake yi ni kaɗai. Wata tsohuwa Kirista ce ta ɓata mini wannan jin daɗin, kuma labarinta zan ba ku.

A Unguwar Kanawa aka haife ni, nan arewacin Kaduna, kusa da tsohon mazaunin makarantar sojoji ta NDA. Gidanmu irin na da ne mai ɗakunan haya a waje, kuma tun ina 'yar firamare wata mata daga kudancin jihar ta kama ɗaki biyu ita da 'ya'yanta huɗu, mijinta ya rasu. Mama muke ce mata kawai. Shara da goge-goge take yi a wani asibiti, ranar Lahadi kuma ta ɗaura zanen Zumuntar Mata ta tafi coci da Littafi Mai Tsarki na Hausa a hammata, wanda bangonsa ya tsufa har ta naɗe shi da ledar burodi. Turmi ɗaya suke daka da Innarmu. In Sallah ta zo tana cikin masu tuƙa tuwo, in Kirsimeti ta zo sai ta kawo kajinta Babanmu ya yanka mata don mu ma mu ci.

Ranar Litinin 21 ga Fabrairu, 2000, rikicin Shari'a ya ɓarke. Ba zan tsaya ba ku labarin abin da idona ya gani ba, waɗanda suka zauna a Kaduna a lokacin sun sani. Kwana biyu Mama da 'ya'yanta suka yi a uwar ɗakan Inna, a bayan jeren kwalla, mu kuma aka ja mana kunne cewa duk wanda ya tambaya mu ce sun gudu tun safe. A rana ta uku da asuba Baba ya sa mata hijabin Inna ya raka su barikin soja. Daga nan ba ta sake kwana a unguwarmu ba. Ta haye kogi ta koma Sabon Tasha, kamar yadda dubban Kiristoci suka koma kudu, dubban Musulmi suka dawo arewa, gari ɗaya ya rabu biyu. Turminta ma a gidanmu ta bar shi.

Zumunci dai bai yanke ba, musamman da wayar hannu ta zo. To ranar 20 ga Mayu, 2010, ina zaune ina fama da ƙarshen wani littafi, sai ga wayarta. Da ƙyar nake jin muryarta saboda guɗa da kiɗan tulu a bayanta. Ta ce, "'Yata, kin ji abin da Allah ya yi?"

Na ji mana. A ranar ne aka rantsar da Patrick Ibrahim Yakowa a matsayin gwamna, Kirista na farko cikin gwamnonin farar hula na Kaduna, kuma na farko daga kudancin jihar. Ga waɗanda suka manta, mutumin Fadan Kagoma ne, an haife shi a 1948, ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya shekara da shekaru yana aikin gwamnati, ya taɓa zama ministan ma'adinai a zamanin Janar Abdulsalami Abubakar, ya kuma riƙe Sakataren Gwamnatin Jiha. A 2005 mataimakin gwamna Stephen Shekari ya rasu, Ahmed Makarfi ya ɗauko shi ya cike gurbin. A 2007 ya ci gaba da zama mataimaki a ƙarƙashin Namadi Sambo. Sai Allah ya yi wa Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa rasuwa ranar 5 ga Mayun 2010, Goodluck Jonathan ya hau, ya ɗauki Namadi ya zama mataimakinsa, kujerar gidan Sir Kashim Ibrahim ta faɗo wa mutumin da ko a mafarki 'yan siyasa ba su lissafa da shi ba.

Na yi mata murna a baki, amma ƙasan zuciyata akwai wani abu, domin a unguwarmu ranar ba guɗa ake yi ba. Bayan kamar mako biyu na shirya na je gaishe ta. Motar Kawo zuwa Kasuwa, daga nan ka canja ta Sabo, ka haye gada. Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, amma sai ka ji kamar wata ƙasa za ka. Bayan mun gaisa ta tambayi Inna da ciwon ƙafarta, sai na tsokane ta, dama mun saba. Na ce, "Mama, wai ina abin guɗa a nan? Mutumin nan fa ba zaɓe ya ci ba. Mutuwa biyu ce ta kawo shi."

Ta yi dariya ta ce, "Ke da kike rubuta littattafai, ashe ba ki san yadda Mai labari yake tsara nasa ba?"

Daga nan ta warware mini yadda suke fahimtar abin, kuma zan yi ƙoƙari in faɗe shi yadda ta faɗa, ba tare da na ƙara gishiri ba. Ta ce a wurinsu babu wani abu wai shi sa'a ko katari. Akwai shirin Allah, wanda yake tafiya a ƙarƙashin al'amura kamar ruwa a ƙarƙashin yashi, kuma sau da yawa ta hannun wanda aka raina yake ɓullowa. Ta fara da Yusufu a littafin Farawa: yana ɗan shekara 17 'yan uwansa suka jefa shi rijiya suka sayar da shi, matar maigidansa ta yi masa ƙazafi, ya shiga kurkuku, wanda ya yi wa fassarar mafarki ya fita ya manta da shi har shekara biyu, sai yana da shekara 30 ya tsaya gaban Fir'auna aka damƙa masa ƙasar Masar. Ta ce in ƙirga, shekara 13 ke nan. Ta kawo Dawuda, autan gidansu, wanda ko kiransa ba a yi ba ranar da aka zo zaɓen sarki, yana can jeji da tumaki. Ta kawo Daniyel da Esta, waɗanda suka yi girma a fadar sarakunan ƙasar da aka kai mutanensu bauta. Wadda ta fi kama ni ita ce Hannatu, a littafin Sama'ila na fari, matar da ba ta haihuwa, kishiyarta tana yi mata gori shekara da shekaru. Na ce, "Mama, ai wannan littafina ne!" Ta ce to ita Hannatun da ta samu ɗa sai ta yi waƙar godiya, kuma abin da waƙar take nufi shi ne Allah yana ɗaga matalauci daga turɓaya ya zaunar da shi cikin manya, kuma Maryamu ma ta yi irin wannan waƙar a farkon littafin Luka.

Na ce mata ai mu ma duk muna da wannan. Muna da sura guda ta Annabi Yusuf, alaihis salam, mun kuma yarda cewa mulki na Allah ne, yana ba wanda ya so ya karɓe daga wanda ya so. Ta ce ta sani, ai ta sha jin Babanmu yana karantawa da asuba ta jikin bango. Sai dai ta ce su akwai inda suke ɗaure maganar, wato a kan Yesu. A imaninsu, shi ne ya ƙasƙantar da kansa har ƙarshe, har mutuwa a kan gicciye, daga nan aka ɗaukaka shi. A nan kam mun rabu, domin mu ba haka muka yi imani game da Annabi Isa ba, ita ma ta san haka, ba ta kuma ja ni da gardama ba. Abin da take son in gane shi ne, tun da shugabansu ta wannan hanyar ya bi, har ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, to duk Kiristan da Allah ya ɗaga kan kujera an ɗaga shi ne don ya yi wa mutane bauta. Tawali'un da ya koya a ƙasa shi ne kayan aikinsa a sama. In ya yar da shi a bakin matakala, to ya hau a banza.

Sai ta tambaye ni yadda zan ƙare littafin da nake rubutawa. Na ba ta labari da zumuɗi, har da yadda matar uba za ta tsuguna a rana. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To ita yarinyar taki me wahalar ta koya mata?"

Na rasa amsa.

Ta ce, "Kin san inda labarin Yusufu ya ƙare? Ba ranar da aka sa masa zobe ba ne. Sai da yunwa ta koro waɗanda suka jefa shi rijiya suka zo gabansa da buhu, ya auna musu hatsi. Bayan ubansu ya mutu suka tsorata, suka ce yanzu zai rama. Ya nuna musu cewa muguntar da suka ƙulla ita ce Allah ya juya ta zama hanyar ceton jama'a da yawa, su ma a ciki. Don haka ni guɗar da na yi rabi ce. Sauran rabin sai na ga abin da Yakowa zai auna wa mutanen Unguwar Kanawa."

Wallahi maganar nan ta zauna mini. Na dawo gida na kasa rubuta ko layi ɗaya.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 16 ga Afrilu, 2011, rikici ya tashi a arewa, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe fiye da mutum 800, kuma mafi yawansu a jiharmu ne. An ƙona coci-coci an kashe Kiristoci a wannan ɓangaren, an yi wa Musulmi kisan gilla a Zonkwa da kewayenta, Kafanchan ta ci wuta. 'Yan gudun hijira suka cika sansanin alhazai na Mando, na je da kaina na kai tsofaffin zannuwa, na ga matan da a dare ɗaya suka zama zawarawa. A cikin wannan hali aka yi zaɓen gwamna da aka ɗage zuwa 28 ga wata, aka ce Yakowa ya ci. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: wata bakwai ban kira Mama ba. Ta kira sau biyu ban ɗauka ba. Ba ita ta yi mini komai ba, amma a lokacin duk maganar Yusufu da hatsi sai na ji ta kamar tatsuniyar da ake yi wa yara. Ita ma, na ji daga baya, ɗan ƙanwarta ya mutu a rikicin, kuma kiran da ta yi na biyu don ta gaya mini ne.

Shekarar 2012 ba ta zo da sauƙi ba. Bam ya tashi a Kaduna ranar Ista, a watan Yuni aka kai hari coci-coci a Zariya da Kaduna aka yi ramuwar gayya a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, aka kulle mu a gida da dokar hana fita, a watan Oktoba kuma aka kai wa cocin St. Rita hari, can wajen Malali, ba nisa da mu. Ban isa in yanke wa mulkin Yakowa hukunci ba, ni ba 'yar siyasa ba ce. Abin da zan iya shaida shi ne ban taɓa jin ya buɗe baki ya yi magana irin ta wanda ya zo ramuwa ba, kuma har a unguwarmu akwai dattawan da suka fara cewa mutumin nan yana da sanyin hali. Wasu kuma har gobe ba su yafe masa 2011 ba.

Ranar Asabar 15 ga Disamba, 2012, jirgi mai saukar ungulu na sojan ruwa ya faɗi a dajin jihar Bayelsa, yana ɗauke da shi da Janar Andrew Azazi, suna dawowa daga jana'iza. Babu wanda ya fita. Washegari aka rantsar da Mukhtar Ramalan Yero. Shekara biyu da wata bakwai, shi ke nan. A daren na ji wasu yara marasa tarbiyya suna ihu a kan babura, Babanmu da tsufansa ya fita da sanda ya kore su daga ƙofar gida, ya dawo yana cewa wanda ya yi murna da mutuwa ya manta da tasa. Da safe ya ce mini, "Ki je ki yi wa uwarki gaisuwa." Kunya ta kama ni, amma na tafi.

Na same ta a zaune a tabarma, ta rame. Ba ta yi mini ƙorafin wayar ba ko da kalma ɗaya, wannan ya fi duka ciwo. Muka yi gaisuwa, na yi mata ta'aziyyar ɗan ƙanwarta da ta makara da shekara ɗaya da rabi. Can da hira ta yi nisa, bakina da ba ya shiru ya ce, "Mama, to yanzu ina shirin? An ɗaga shi, kuma an sauke shi tun bai gama ba."

Ta ce ita ma ta yi wa Allah wannan tambayar a daren, kuma ba ta ji amsa ba. Amma ta ce kujera aro ce, mai abu kuma ba ya neman izini kafin ya karɓi abinsa. Sai ta kawo mini Yakubu Gowon, ɗan mai wa'azin bishara da ya tashi a Wusasa ta Zariya, wanda ya zama shugaban ƙasa a 1966 yana da shekara 31, aka hamɓarar da shi a 1975 yana taro a Kampala, ya koma Ingila ya zama ɗalibi a jami'a yana bin layin abinci da tire a hannu kamar kowa. Ta ce a ganinta saukar tasa ta fi hawan koyarwa, domin daga baya ya dawo yana yawon tara mutane su yi wa ƙasa addu'a. Na ce to Obasanjo fa, da ya fito daga kurkuku a 1998 ya zama shugaban ƙasa a 1999, ai shi ma an kira shi Yusufu. Ta murmusa ta ce fitowa daga kurkuku kaɗai ba ta mai da mutum Yusufu, kowa da abin da ya auna.

A nan ne ta faɗi abin da ban zata daga bakinta ba. Ta ce har a cikinsu akwai masu wa'azin da suka mai da wannan koyarwa kasuwa, suna gaya wa mutane cewa in ka ba da baiko kaza bana za ka zama darakta. Ta ce, "Kowa yana son ya zama Yusufu na fada, ba mai son Yusufu na rijiya. Kuma ba sa gaya wa mutane cewa rijiyoyi sun fi fadoji yawa."

Na dube ta, na dubi ɗakin, kwano yana yoyo an tara roba a kusurwa. Matar nan ta shekara kusan talatin tana wanke aman marasa lafiya, ta rasa miji, ta rasa gida, kuɗin sallamarta ma sai da ta yi shekaru tana zarya. Na ce, "Ke fa Mama? Duk haƙurin nan, wace kujera aka ba ki?"

Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Ni? Ai ni littafina bai kai na uku ba tukuna, 'yata. Namu na ukun ba a nan ake buga shi ba." Sannan ta ce in tashi in duba tukunya kada wake ya kama.

Littafin nan da na ajiye tun 2010 sai a 2013 na ƙarasa shi. Yarinyar ta auri mai mulkin kamar yadda aka saba, ban isa in hana ta ba, amma da matar uban ta zo sai na sa ta fito da kanta ta shigo da ita, ta kai ta asibiti, ta kuma ɗauki nauyin karatun 'ya'yanta. Mai sayar mini da littattafai a Kano ya karanta ya ce, "Hajiya, kin kashe kasuwa." Bai yi ƙarya ba, domin a cikin littattafaina babu wanda ya yi kwantai kamarsa. Wata mai karatu daga Gusau ta yi mini saƙo mai zafi, ta ce ta bi ni littafi uku tana jiran ranar sakayya na cuce ta, kuma ita da matar uba ta riƙe ta ta san abin da ban sani ba. Na karanta saƙon sau da yawa, ban kuma iya ce mata ba ta da gaskiya ba.

Mama ta rasu a 2019, aka kai ta ƙauyensu. Ni da Inna muka je Sabon Tasha gaisuwa, 'yan Zumunta suka shimfiɗa mana tabarma a gefe, da lokacin azahar ya yi babbar 'yarta ta kawo mana buta ta nuna mana gabas. Da za mu taho Inna ta ce mata turmin uwarsu fa yana nan, in suna so a aiko musu. Ta ce a'a, Mama ta ce a bar shi inda yake. Shekaranjiya ma da na leƙa gida na tarar jikokin Inna suna daka yaji a ciki, gindinsa ya tsage an ɗaure shi da waya.